Su Bingqi, mutumin da ya karanta tarihin Sin a jikin tsingaro

A shekarar 1934 wani saurayi mai suna Su Bingqi, wanda bai daɗe da kammala karatun tarihi ba a birnin Beiping, wato Beijing ta yau, ya bi malaminsa Xu Xusheng zuwa wani wuri da ake kira Doujitai a gefen garin Baoji, cikin lardin Shaanxi. Abin da ya kai su shi ne neman tushen gidajen sarauta biyu, Zhou da Qin, waɗanda tsofaffin littattafan Sin suka ce daga wannan yanki suka taso. Wasu sun riga su zuwa. 'Yan shekaru kafin nan wani madugun sojoji da ke riƙe da yankin ya sa an farfasa kaburbura an kwashe kayan tagulla, don su ne ke da kuɗi a kasuwa. Abin da ya fi yawa a hannun masu binciken shi ne abin da ɓarawo ba ya waiwaya, wato tukwanen ƙasa, wasu lafiya lau, wasu a farfashe. A kan waɗannan tukwane Su Bingqi ya ɗora aikin shekara sittin da 'yan kai, kuma da su ya sauya amsar da Sinawa ke bayarwa idan aka tambaye su inda wayewarsu ta samo asali.

Tukunyar da ta kama hankalinsa ita ce wadda Sinawa ke kira li. Sai an kwatanta ta, domin ba mu da irinta. Tukunyar girki ce mai faɗin baki, amma maimakon gindi ɗaya tana da ƙafa uku, kuma ƙafafun ba sanduna ba ne, rami gare su a ciki, sun kumbura kamar hantsar akuya, kowace ta tsuke daga ƙasa. Idan aka zuba ruwa sai ya gangara ya cika su. Ba ta neman duwatsun murhu, ita ce murhun kanta: a tsayar da ita, a tura itace tsakanin ƙafafun, wuta ta lashe su ta kowane gefe, ruwa ya tafasa nan da nan da ɗan makamashi kaɗan. Jikinta kaushi gare shi, duk sawun igiya, saboda maginin yakan naɗa igiya a jikin katako ya riƙa bubbuga yumɓun tun yana ɗanye. Mutanen arewacin Sin sun fara gina ta fiye da shekara 4,000 da suka wuce, suka yi ta dafa hatsi a cikinta wajen shekara dubu biyu, sannan ta ɓace 'yan ƙarnuka kafin Miladiyya, lokacin da murhun gini da tukunya mai zagayayyen gindi suka karɓe girki.

Me zai sa mai ilimi ya ƙarar da rayuwarsa a kan tukunyar dahuwa? Rubutun Sinanci mafi tsufa da aka iya karantawa shi ne wanda aka zana a ƙasusuwan shanu da ƙoƙon kunkuru a Anyang, babban birnin daular Shang, kimanin shekara 1250 kafin Miladiyya. Kafin wannan akwai dubban shekaru da mutane suka yi suna noma, suna gina ƙauyuka, suna aure, suna binne matattu, ba wanda ya bar ko harafi ɗaya da za a karanta. Gidajensu na itace da ciyawa sun ruɓe, tufafi sun zama ƙasa. Yumɓun da ya shiga wuta ne kaɗai ya ƙi mutuwa. Duk wanda ya taɓa noma a tsohon kufai ya san yadda fartanya ke ta tono tsingaro bayan gidan da mutanensa duk sun shuɗe. Tukunya tana da hali biyu da suka sa ta fi kowane abu amfani ga mai ilimin kufai. Saurin fashewa gare ta, don haka kullum ana gina sabuwa, kuma salon gini yana ɗan gusawa daga tsara zuwa tsara ba tare da masu ginin sun lura ba. Sannan ba a cika kai ta nesa ba, inda aka gina ta nan aka fi amfani da ita. Saboda haka tana faɗin lokaci, tana kuma faɗin wuri.

Akwai hanya biyu na sa ta magana. Ta farko ita ce duba yadda ƙasa ta hau kan ƙasa, abin da ke can ƙasa ya girmi na sama. Wanda ya fara nuna ƙarfin wannan hanya a Sin shi ne Liang Siyong, da ya yi karatu a Harvard. A 1931, a wani tudu mai suna Hougang kusa da Anyang, ya nuna hawa uku a jere: fentattun tukwane a ƙasa, baƙaƙe da masu ruwan toka a tsakiya, kayan daular Shang a sama. Hanya ta biyu ita ce jera kayan bisa kamanninsu har a ga wanne ya haifi wanne. Wani masani ɗan Suwidin, Oscar Montelius, shi ya tsara ta a Turai. Wannan ta biyun ce Su Bingqi ya ɗauka, ya mai da ita tasa.

Yaƙi da Japan ya tsayar da tono a Doujitai a 1937, cibiyar binciken da yake wa aiki ta yi hijira zuwa Kunming a kudu maso yamma. A can, ba kuɗi, ba sabon tono, ya zauna da bayanan tukwanensa shekara da shekaru. Daga baya ya ce a lokacin ji yake kamar an ba shi littafin da aka sauko da shi daga sama, ba wanda ya san haruffansa. Abin da ya buɗe masa ƙofa shi ne ya daina tambayar yadda tukunya take, ya koma tambayar yadda aka gina ta. Idan ka zura hannu cikin li ka shafa inda ƙafafun suka haɗu, za ka ji bambanci. A wata, an gina kowace ƙafa daban, sannan aka manne su uku aka ɗora wuya a kai, yatsa yana jin tudun maɗinkin. A wata kuma, an fara gina jiki ɗaya kamar ganga, aka matse gindin ya rabu uku, don haka tsakanin ƙafafun a shafe yake ba maɗinki. Daga nesa kamarsu ɗaya. A hannu kuwa koyarwa biyu ce dabam, domin magini yana iya kwaikwayon adon maƙwabcinsa a rana ɗaya, amma yadda aka koya wa hannunsa haɗa yumɓu tun yana yaro, da wuya ya bar shi. Su, wato Su Bingqi, ya kasa tukwanen gida huɗu, ya bi kowane gida daga farkonsa zuwa tsufansa, ya ga ba layi ɗaya ba ne da ya miƙe, zuri'o'i ne da suka zauna kusa da juna, wani lokaci suka cuɗanya. Tun a nan irin tunanin da zai yi suna da shi bayan shekara arba'in ya faɗa ƙasa.

Ya rubuta binciken ya aika wa kamfanin ɗab'i na Commercial Press a Hong Kong a 1941. A ƙarshen shekarar sojojin Japan suka kama birnin, rubutun ya salwanta. Sai a 1948 rahoton kaburburan Doujitai ya fito, da taƙaitaccen bayanin tukwanen li a ƙarshensa.

Mu kan ce gani ya kori ji. A wurin Su Bingqi taɓawa ta fi gani. Tun daga 1952, da aka buɗe sashen koyar da ilimin kufai a Jami'ar Peking, shi ya jagoranci koyarwar har shekara talatin, kuma abin da ɗalibansa suka fi tunawa da shi shi ne zamansa a ɗakin ajiya, an baje masa tsingaro, yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya, yana murzawa da babban yatsa, yana jin kauri da laushin yumɓu da lanƙwasar leɓe. Haka yake yi duk lardin da ya je. Cikin waɗanda suka fito daga hannunsa akwai Yu Weichao da Zhang Zhongpei da Yan Wenming da Guo Dashun, waɗanda daga baya suka riƙe manyan gidajen tarihi da sassan jami'o'i na ƙasar.

Kafin a gane abin da ya rushe, sai an san abin da ya tarar. A 1921 wani masanin duwatsu ɗan Suwidin, Johan Gunnar Andersson, ya tona ƙauyen Yangshao a lardin Henan, ya samu jajayen tukwane masu zanen baƙi. Wannan ne karon farko da aka tabbatar da cewa an yi manoma masu aiki da kayan dutse a ƙasar Sin. Sai dai Andersson ya ga zanen ya yi kama da na Anau a Turkmenistan da na Tripolye a Yukren, ya kawo shawarar cewa daga yamma sana'ar ta shigo. Maganar ta yi wa masanan Sin ciwo, a lokacin da ƙasashen waje ke yi wa ƙasarsu wulaƙanci iri-iri. A 1928 Wu Jinding ya gano wani kufai a Chengziya, kusa da garin Longshan a Shandong, da wata irin tukunya dabam: baƙa wuluk, mai sheƙi, an juya ta a kan faifan gini, wasu kofunan ma kaurinsu bai kai milimita ɗaya ba, shi ya sa ake kwatanta su da ɓawon ƙwai. Aka ce to, ga ta gida. Na ɗan lokaci aka ɗauka al'umma biyu ce, masu fenti a yamma, masu baƙa a gabas. Sannan tonon da An Zhimin ya jagoranta a Miaodigou a 1956 da 1957 ya nuna cewa a Henan al'adar Yangshao ce ta rikiɗe sannu a hankali ta zama Longshan. Zancen zuwa daga yamma ya mutu. Abin da ya maye gurbinsa shi ne cewa tsakiyar kwarin Rawayen Kogi ita ce uwa: nan aka fara komai, daga nan haske ya bazu zuwa ga sauran yankuna da ke cikin duhu. Wannan ya yi daidai da abin da marubutan fada suka yi shekara dubu biyu suna faɗa, don haka ba wanda ya ga dalilin tuhumarsa.

Shi ma Su bai fito da gardama kai tsaye ba, kuma zamanin bai ba da fuska ba. A 1958, lokacin da siyasa ta mamaye jami'o'i, ɗalibai suka soki hanyarsa, suka ce yana ganin kaya ba ya ganin mutane. An yi sukar ne da zafin siyasa, amma ya ɗauke ta da gaske, ya yi ta juya ta a ransa shekaru. A ganina wannan na cikin abin da ya bambanta shi da tsararrakinsa. Bai jefar da tsingaronsa don a bar shi ya huta ba, bai kuma toshe kunne ba. Ya yarda cewa jera tukwane ba shi ne ƙarshen aiki ba, sai jerin ya kai ka ga masu ginin.

Amsarsa ta fito a 1965, a wata doguwar maƙala kan al'adar Yangshao. A lokacin an riga an tona Banpo, kusa da Xi'an, tsakanin 1954 da 1957, an ga ƙauye sosai: gidaje masu zagaye da masu kusurwa huɗu, ramukan ajiyar gero, wani babban rami da ya kewaye mazaunin, maƙabarta a waje, wurin gasa tukwane a gefe, jarirai kuma an binne su cikin randuna kusa da ɗakunan iyayensu. Shi kuma ya kai ɗalibansa sun yi tono a Quanhucun da Yuanjunmiao a gundumar Hua. Daga cikin tarin kayan ya zaɓi abubuwa kaɗan ya bi diddiginsu, kuma wanda ya fi ba shi labari shi ne wani tulu mai tsinin gindi.

Tulun dogo ne, cikinsa ya kumbura, gindinsa ya tsuke kamar kan mashi har ba ya iya tsayuwa da kansa, bakinsa kuma ƙarami. Su ya ƙyale cikin ya duba bakin. A Banpo bakin kamar an ɗora ƙaramin kofi ne a kan wuya. A Miaodigou leɓe biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. Kowane irin baki yana da nasa tarihin sauyawa, kuma kowanne yana tafiya da nasa zane: inda aka samu bakin kofi, kifi ake zanawa a kwanuka, inda aka samu leɓe biyu, fure da tsuntsu. Ya bi kifin ya ga yadda ya fara da ido da ƙaya da wutsiya, ya yi ta sauƙaƙa har ya koma 'yan kusurwoyi da ba mai cewa kifi ne sai wanda ya ga kakanninsa. Da wannan ya nuna cewa abin da ake kira Yangshao, ana yi masa kallon abu guda, a ƙalla reshe biyu ne, kowanne da yankinsa.

Ya yi kuskure a wani ɓangare, kuma ya kamata a faɗa. Shi ya ɗauka rassan biyu sun yi zamani ɗaya ne gefe da gefe. Tonon da aka yi daga baya da gwajin kabon, wanda ake auna shekarun abu da shi, sun nuna cewa galibi Banpo ce ta riga, Miaodigou ta biyo baya daga wajen shekara 4000 kafin Miladiyya. Amma a wani wurin ya hango abin da sai bayan rasuwarsa aka tabbatar. An daɗe ana koya wa yara cewa tulun na ɗiban ruwa ne, wai idan aka zura shi a kogi da igiya yakan kifa da kansa ya cika sannan ya miƙe. Da aka gwada, yawancinsu ba su yi hakan ba. Su ya ce tulun giya ne na bukukuwa, ya kafa hujja da cewa tsohon harafin Sinanci da ke cikin kalmar giya hoton tulu ne mai tsinin gindi. A 2016 masu bincike daga Jami'ar Stanford, cikinsu har da Li Liu, suka kankare busasshen abin da ya manne a cikin tukwane da mazurarai daga Mijiaya, kusa da Xi'an, suka samu alamun gero da sha'ir da saiwoyi da aka jiƙa aka dafa aka bar su suka yi tsami, shekara kusan 5,000 da suka wuce.

Juyin al'adu, guguwar siyasar da aka fara a Sin a 1966, ya rufe mujallu ya tarwatsa malamai. Da ƙura ta fara lafawa, sai ƙasa da kanta ta shiga kawo shaida. Ɗakin gwajin kabon da masanin kufai Xia Nai ya sa aka kafa ya fara fitar da sakamako a 1972, aka samu hanyar sanin shekarun abu ba tare da jingina shi da tukwanen Henan ba. A 1973 aka tona Hemudu a lardin Zhejiang, kudu da bakin kogin Yangtze, aka samu tarin shinkafa, da gidajen katako da aka ɗora a kan turaku aka haɗa su da ƙwarewar sassaƙa, da baƙaƙen tukwane da aka cuɗa yumɓunsu da ƙaiƙayi. Shekarunsu kusan 7,000. Wato sa'ar Banpo ce, ba 'yarta ba, kuma ba ta ari komai daga gare ta ba. Mutanen da littattafan fada suka kira 'yan daji ashe suna noman shinkafa tun lokacin da na Rawayen Kogi ke noman gero.

A 1981 Su Bingqi da Yin Weizhang suka buga maƙalar da ta tattara wannan duka. Suka ce ƙasar da ake kira Sin a yau, a wancan zamani manyan yankuna shida ce, kowanne da nasa jerin tukwane da za a iya bi daga tushe ba tare da an nemo masa uwa a wani wuri ba. Tsakiyar Rawayen Kogi ɗaya ce cikin shidan. Sauran su ne Shandong a gabas, da arewa wajen duwatsun Yan da inda Babbar Ganuwa ta bi daga baya, da kewayen tafkin Tai a kudu maso gabas, da yankin tafkin Dongting haɗe da kwarin Sichuan, sai kudu daga tafkin Poyang zuwa bakin kogin da ya faɗa teku a Guangzhou. Sun yi cuɗanya, sun ba juna sun karɓa, kuma ba kullum tsakiya ce mai bayarwa ba. Daga baya ya ba ra'ayin sunan da ya bi shi har yau: ya ce wayewar Sin ba rana ɗaya ba ce da ta fito ta haska ko'ina, sama ce cike da taurari.

Ba a jima ba taurarin suka fara bayyana a inda ba a zata ba. A Niuheliang, cikin lardin Liaoning, can bayan Babbar Ganuwa, a 1983 aka tono wani ginin ibada a kan tudu, a cikinsa kan mace na yumɓu daidai girman kan mutum, an sa mata idanu na koren dutse. Kewaye da wurin, a kan tuddai, kaburbura ne da aka tara wa duwatsu, manyan cikinsu ba a sa musu komai ba sai sassaƙen jed, dutsen nan mai santsi da Sinawa ke girmamawa fiye da zinariya. Shekarun wurin sun haura 5,000. Su ya ce al'ummar da za ta iya keɓe tuddai don ibada da binne manya, nesa da gidajen zama, ta wuce matsayin ƙauye, ta fara zama ƙasa. A 1986 aka buɗe kaburburan Fanshan na al'adar Liangzhu kusa da Hangzhou, su ma maƙil da jed, a shekarar kuma ramukan Sanxingdui a Sichuan suka fito da fuskokin tagulla da ba su yi kama da komai na Shang ba. An Zhimin da wasu ba su yarda da shi kan Niuheliang ba, suka ce ba birni, ba rubutu, ba tagulla, da me za a kira shi wayewa? Muhawarar ta yi zafi, kuma ta yi amfani, don ta tilasta wa kowa ya faɗi abin da yake nufi da kalmar.

Ina ganin ya yi gaskiya a babban zancen, amma akwai wurare biyu da bai kamata a bi shi ido rufe ba. Na farko, tukunya ba mutum ba ce. Kamannin tukwane na iya nuna cewa masu gini sun koya a hannu ɗaya, amma ba ya nuna harshen da suke yi ko sunan da suke kiran kansu. Mace na iya yin aure a wata ƙabila ta tafi da hannunta, kasuwa na iya haɗa mutanen da ba sa jin maganar juna. Su da kansa wani lokaci ya zarce, kamar inda ya danganta furen Miaodigou da dutsen Hua da kuma sunan Hua da Sinawa ke kiran kansu da shi, domin a tsohon Sinanci kalmar tana nufin fure. Zance ne mai daɗin ji, amma tsingaro ba zai iya tabbatar da shi ba. Na biyu, ra'ayin ya fito ne daidai lokacin da gwamnati ke sakar wa larduna mara, kowane lardi ya kafa cibiyar bincikensa, kowanne yana son a ce shi ma da shi aka fara. Wani masanin kufai, Lothar von Falkenhausen, ya yi nuni a 1995 cewa wasu al'adun da ake zanawa a taswira iyakarsu na bin iyakar lardunan yau fiye da kima. Sannan taurarin duka an zana su ne cikin iyakar Sin ta yanzu, alhali mutanen Niuheliang ba su san za a yi wata ƙasa mai wannan suna ba, kuma alkama da tumaki da sarrafa tagulla ta hanyar tsakiyar Asiya suka shigo. Su bai ɓoye cewa yana son iliminsa ya taimaki haɗin kan ƙasa mai ƙabilu 56 ba. Niyya ce mai kyau, amma mai karatu ya san tana nan.

Akwai kuma tambayar da taurari ba su amsa ba: in haka ne, me ya sa daulolin farko da tarihi ya sani suka tashi a tsakiya? Liangzhu ta rushe wajen shekara 2300 kafin Miladiyya, Niuheliang ta riga ta yin shiru, amma Erlitou a Henan, wadda Xu Xusheng, malamin Su Bingqi, ya gano a 1959, ta tashi da fadoji da maƙerun tagulla. Yan Wenming, ɗalibin Su Bingqi, ya yi ƙoƙarin sasantawa, ya ce abin ya fi kama da fure mai ganye hawa-hawa: ganyen da yawa, amma akwai tsakiya, kuma amfanin tsakiya shi ne kowa ta wurinta yake bi, tana karɓa daga kowane gefe. K. C. Chang na Harvard, wanda da can yake kan ra'ayin uwa ɗaya, ya sake rubuta littafinsa a 1986 ya koma ga cewa yankunan sun girma ne dabam-dabam, sannan daga wajen shekara 4000 kafin Miladiyya suka fara ƙulluwa da juna.

Waccan tsohuwar suka ta ganin kaya ba a ganin mutane, waɗanda suka zo bayan Su Bingqi ne suka fi amsa ta, kuma da tsingaron dai suka amsa. Daga 1995 masana daga Jami'ar Shandong tare da Anne Underhill da Gary Feinman da Linda Nicholas suka shiga taka gonakin yankin Rizhao da ƙafa, bayan an girbe amfani, a jere kamar masu neman abin da ya faɗi, suna tsintar duk ɓallen tukunya suna sa alamarsa a taswira. Cikin shekara goma sha wani abu suka taka fiye da murabba'in kilomita 1,000. Da aka haɗa alamun sai ga tsarin zaman mutane ya fito: a zamanin Longshan manyan garuruwa biyu, Liangchengzhen da Yaowangcheng, kowanne da matsakaitan garuruwa kewaye da shi, su kuma da ƙauyukansu. Mai tsintar ba zai san ɓallen da ke hannunsa na wane zamani ba ne in ba don jerin da Su da ɗalibansa suka yi shekaru suna ginawa ba.

Daga 1986 har rasuwarsa Su Bingqi ne ya shugabanci ƙungiyar masana ilimin kufai ta ƙasar Sin. Da tsufa ya kama shi, ya zauna da ɗalibinsa Guo Dashun, wanda ya yi aikin Niuheliang, yana faɗa ana rubutawa, har aka haɗa littafinsa na ƙarshe kan asalin wayewar Sin. A farkonsa ya ambaci tarko biyu da ya ce masana ƙasarsa sun daɗe a ciki: ɗaukar tarihin Sin a matsayin layi ɗaya na sarakuna daga tsakiya, da ɗaukar ƙa'idojin Markisanci a ce su ne tarihin kansa. Littafin ya fito a watan Yunin 1997 a Hong Kong, daga Commercial Press, kamfanin da rubutunsa na farko ya ɓace a hannunsa shekara 56 kafin nan. Ya rasu ranar 30 ga wannan watan, yana da shekara 87. Bayan shekara goma, a 2007, masu tono a Liangzhu suka ci karo da harsashin ganuwar wani birni mai faɗin kusan hekta 300, daga baya kuma suka gano madatsun ruwa da mutanensa suka gina a bakin tsaunuka shekara 5,000 da suka wuce.